Abdicant: Kalmar da Ta Raba Kan Majalisar Ingila

Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Kalmarmu ta yau ita ce abdicant. Ko Baturen Ingila sai ya shekara bai ji ta a bakin kowa ba, 'yar'uwarta abdicate ce aka fi sani. Abdicant shi ne wanda ya sauke nauyin da ke wuyansa, na sarauta ko na muƙami. Da Hausa dai, wanda ya yi murabus.

Tushenta Latin ne, harshen Romawa. Ab na nufin nesanta, dicare kuma shelantawa. To ku riƙe wannan shela da kyau, don a nan ƙashin maganar yake. A Roma mai muƙami fitowa yake ya faɗa da bakinsa cewa ya ajiye. Haka uban da ya sallama ɗansa, da wannan kalma ake faɗi, kuma da wannan ma'ana ta fara shiga Ingilishi a ƙarni na 16.

Sai ga shekarar 1688. Sarkin Ingila James na Biyu ya ga surukinsa William ya shigo Ingila da runduna, manyan dakarunsa kuma suna ta komawa wancan ɓangare. Cikin dare ya sulale daga Landan, ya jefa babban hatimin sarauta a kogin Thames. Masunta suka tare shi, aka dawo da shi, ya sake ficewa sai Faransa. Bai yi shela ba, bai sa hannu a takardar murabus ba.

Da wane suna za a kira wannan? Majalisar wakilai ta ce abdicated, wato ya yi murabus, gadon sarauta babu kowa. Majalisar dattawa ta ce a'a, deserted, gudu kawai ya yi, kuma wanda ya gudu yana iya dawowa ya ce a ba shi kayansa. Ni a ganina dattawan sun fi kusa da asalin kalmar, domin murabus sai da baki. Amma a Fabrairun 1689 suka sauko, aka miƙa sarauta ga William da matarsa Mary, 'yar James ɗin ta cikinsa.

James ya rasu a Faransa a 1701, yana kiran kansa sarkin Ingila.