Jawabin Maraba Ga Mai Girma Kwamishiniya, Daga Matan Hausawa 'Yan Kasuwa Na Agege

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma Kwamishiniya, wakilin Sarkin Hausawa, malamanmu, iyayenmu mata, jama'a barkanmu da wannan rana.

Ranki ya daɗe, lale marhabin da zuwa Agege. Mun san abin da ake sha a hanya daga Ikeja da irin cunkoson motocin garin nan, amma kika ture ayyukanki kika zo. Allah Ya saka da alheri.

Magana ɗaya ce ta sa muka gayyato ki: 'yan'uwanmu mata da suka fito daga gidan yari. A 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali, kuma mun ga alamar hakan. A gidan mata na Kirikiri ana koyar da sana'ar hannu, har Jami'ar NOUN, wato buɗaɗɗiyar jami'ar ƙasa ta karatu daga nesa, tana ba masu sha'awa damar karatu daga can ciki. Matsalar tana bakin ƙofa ne, ranar da aka ce wa mace ta kama gabanta.

Akwai wata a cikin ɗakin nan, ba zan nuna ta ba. Ta fito da ɗinki a hannunta, amma babu keke. Ta je neman aiki a shagon tela, aka ce ta kawo wanda zai tsaya mata. Wa zai tsaya? Mijin ya sake ta tun tana ciki, dangi suna Arewa, sun ɗauke kai. Shago kuwa, mai gida na neman kuɗin shekara a dunƙule, ga na dillali. Ta koma suyar ƙosai da safe, ciniki ya fara kankama, sai wata ta rada wa wata inda ta fito. Kafin mako ya zagayo, ƙullunta na tsami a roba. Kuma fa ba a taɓa yanke mata hukunci ba, jiran shari'a ta yi, kamar da yawa daga cikinsu.

Mu dai mun yi abin da ƙarfinmu ya kai. Mun sa ta a adashi, muka ba ta kwasar farko, ta sayi keke na hannu. Wasunmu sun yi gunaguni, ni ma a farko sai da na yi jim. Har yau ba ta taɓa fashin zubi ba.

Roƙonmu, ranki ya daɗe: cibiyoyin koyon sana'a na ma'aikatarki su ware wa irin waɗannan mata gurbi, da kayan aiki idan sun gama. Sannan ki yi mana magana da asusun LSETF na Jihar Legas mai ba masu sana'a rance, a amince ƙungiya ta tsaya wa mace wajen rance idan ba ta da kowa. Mu za mu sa hannu.

Kyallen da aka shimfiɗa a teburin gabanki, ita ta ɗinka shi. Ki duba kalmasar bakinsa kafin ki tashi.

Bismillah, ranki ya daɗe, ga lasifika.