Abin da ke zubewa tsakanin majinyaci da likita

(An gabatar da wannan lacca a Garwa, a arewacin Kamaru, aka rubuto ta daga faifan murya.)

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena mata da ke can baya, ɗalibai, sannunku da ƙoƙari cikin wannan zafi.

Nazarin tsarin labari ya daɗe da ƙetare ajin adabi. A 1928 wani ɗan Rasha, Vladimir Propp, ya tsefe tatsuniyoyin ƙasarsu guda 100, ya ga cewa ko sunaye sun sauya, matakai 31 ne ke ta dawowa: a hana jarumi abu, ya ƙi ji, a yaudare shi, ya bar gida. Wanda ya tashi da Gizo da Ƙoƙi ba baƙo ba ne a nan. A 1967 kuma William Labov da Joshua Waletzky a Amurka suka kasa kunne ga hirar mutane ta yau da kullum. Ashe wanda ke ba da labarin abin da ya same shi ma tsari yake bi: ya yi shimfiɗa, ya kai inda al'amari ya rikice, sannan ya nuna abin da ya fi damunsa. Wannan na ƙarshen ku riƙe mini shi.

Sai likitoci suka shigo. A 2000 Rita Charon ta Jami'ar Kolumbiya a Amurka ta kafa shirin koya wa likitoci sauraron labarin majinyaci.

To mu dawo gida. Uwa ta zo asibiti da goyo, ba ta jin Faransanci, likita ba ya jin Hausa ko Fulatanci. Ta fara: "Tun da muka dawo biki daga Marwa, rijiyar maƙwabta muke ɗiba, uwar mijina ta jiƙa masa sassaƙe…" Tafinta ya tari numfashinta, ya ce wa likita: gudawa, kwana uku. Wallahi abin nan yana ci mini rai. Tafiyar, rijiyar, jiƙon, duk sun zube, alhali a yankin da kwalara ke yawan ɓulla da damina, su ne abin da likita ya fi bukata. Kuma ba a banza ta ambaci uwar miji ba: shi ne abin da ya fi damunta, wanda na ce ku riƙe mini. Cikin kunya take sanar da shi wa ke da ta cewa kan maganin yaron a gidan. Idan tsohuwar ba ta yarda ba, ruwan gishiri da sukari a leda zai kwana.

Ban ga laifin tafinta ba. Layi ya yi tsawo, kuma ba wanda ya taɓa koya masa abin da ba a yarwa.

Muna da jami'a a Ngaundere tun 1993, a Marwa tun 2008, ga tamu ta Garwa tun 2022. Roƙona shi ne masana harshe da ma'aikatan lafiya su zauna tabarma ɗaya, a naɗi irin wannan hira da yardar masu ita, a gwada abin da uwa ta faɗa da abin da ya isa kunnen likita. Da abin da aka gano za a horar da tafintoci. Hajiya, na ga hannunki a sama, bismillah.