Akawun da aka raina, shi ke riƙe da sulhun

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Wata tallar neman ma'aikaci ce ta hana ni sakat a makon nan. Wata ƙungiya mai sasanta al'ummomin da rikici ya ɗaiɗaita tana neman mutum ɗaya tak, wanda zai riƙe littafin kuɗi, ya biya albashi, ya sayo kayan aiki, ya kama ɗakin taro, ya nemo motar haya, ya tattara rasit, ya rubuta rahoton kuɗi duk ƙarshen wata, sannan ya tarbi masu binciken kuɗi in sun zo. Kwantiragin na wata shida ne, kuma can ƙasan takardar aka ce za a sabunta shi idan kuɗi sun samu. Aikin mutum huɗu aka ɗora wa mutum ɗaya, ga shi ba tabbas.

Ban ga laifin ƙungiyar ba, iya abin da aka ba ta ke nan. Fushina yana kan masu ba da tallafi da ke tinƙaho cewa ko sisinsu ba ya tsayawa a ofis, wai duka yana zuwa hannun talaka. To wa zai kai shi hannun talakan? Iska?

Mu ɗauki zaman sulhu guda. Ɓangarori biyu da suka shekara ba sa ga maciji sun yarda su zauna a ɗaki ɗaya, bayan an yi watanni ana lallashi. Aka tashi lafiya, har da musabaha. Sai batun kuɗin mota. Wakilan ɓangaren farko mazauna gari ne, suna da asusun banki, kafin su isa gida kuɗi sun faɗo a waya. Wakilan ɓangare na biyu daga daji suka fito, inda babu sabis, wasu katin shaidarsu ya ƙone tare da gidajensu, doka kuma ta ce ba a biyan kowa a hannu. Aka ce su yi haƙuri. Mako ɗaya, biyu, uku, shiru. Kun san maganar da za ta zaga ƙauyensu? Ba wanda zai ce ƙa'idar banki ce. Cewa za a yi, "Ai dama mun faɗa, ƙungiyar nan tasu ce." Shi ke nan. Musabahar da aka yi wata shida ana nema, kuɗin mota ya warware ta.

Wanda zai hango wannan tun kafin a aika goron gayyata, ya nemi izinin biyan kowa a hannu, a rana ɗaya, a gaban juna, ba shehin malamin da aka ɗauko ya yi jawabi ba ne. Akawu ne. A wurin da aka daina yarda da juna, yadda aka raba kuɗi shi ne saƙon da ya fi shiga kunne. Motar wa aka ɗauka haya? A wurin wa aka sayi kujeru? Ɗan wane ɓangare aka ɗauka mai gadi? Mutane suna ƙirga waɗannan, kuma ba sa mantawa. Don haka na ce aikin akawu aikin sulhu ne, ba rakiya ya yi ba.

Ga kuma ƙa'idojin da aka rubuta cikin sanyin ofis. Wai kafin a sayi kaya sai an kawo farashin 'yan kasuwa uku, a garin da aka ƙone kasuwa, shago ɗaya ya rage. Wai sai an kawo rasit mai hatimi daga ɗan babur ɗin da ya ratsa daji da wakilai biyu a bayansa. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce takardar sunayen mahalarta, da lambar waya da sa hannu. A birnin da ke zaune lafiya takarda ce kawai. A hanyar da ke da shingen 'yan bindiga, jerin sunayen waɗanda suka zauna da abokan gaba ne, kuma ana iya kashe mutum a kanta. Dole wani ya san yadda zai gamsar da mai bincike ba tare da ya jefa rayuka cikin haɗari ba. Wannan gwanin shi aka bai wa wata shida.

Mu dubi lissafin kansa. Tarayyar Turai ta saba ware kashi 7 cikin 100 na kuɗin aiki a matsayin kuɗin gudanarwa. Asusun Gina Zaman Lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya fara aiki a 2006, shi ma kashi 7 ne. Amurka ta daɗe a kan kashi 10, kafin ta ɗaga zuwa 15 a watan Oktoban 2024. Ko wannan ɗan kason, sau da yawa a hannun babbar ƙungiyar da ta sa hannu a yarjejeniya yake tsayawa. Ƙaramar ƙungiyar da ke cikin garin, wadda ma'aikatanta ke kwana suna jin ƙarar harbi, sai a ba ta kuɗin taro da na ruwan sha, ba haya, ba wuta, ba albashin akawu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin ya yi muni har sai da kwamitin da ke haɗa manyan hukumomin agaji na duniya ya fitar da jagora a 2022, yana cewa a riƙa bai wa ƙungiyoyin gida nasu kason. Abin da ya kamata kunya ta sa a yi, sai da aka rubuta shi a takarda!

Alkawari kuwa an sha shi. A taron agaji na duniya da aka yi a Santambul a 2016, manyan masu ba da tallafi suka ce kafin 2020 kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji zai riƙa zuwa ga ƙungiyoyin gida. Shekarar ta zo ta wuce, abin da ke isa hannunsu kai tsaye bai kai kashi 5 ba. In ka tambayi dalili, sai a ce ai ba su da tsarin riƙe kuɗi. Ikon Allah! Ka hana mutum kuɗin ɗaukar akawu, sannan ka hana shi tallafi don ba shi da akawu. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, wannan ko yaro ya sani.

Na san abin da wasu za su ce: kuɗin ofis nan ne kafar sata, nan ake sayen manyan motoci. Akwai masu yi, ban musa ba, kuma a kama su. Amma ɓarawo ya fi son inda mutum ɗaya ke neman kuɗi, ya amince, ya biya, ya kuma rubuta rahoto. Kowane ɗalibin akanta ya san ana raba waɗannan ayyuka ne don wani ya sa wa wani ido. Wanda ya tsuke kuɗin ofis har aka koma mutum ɗaya, shi ya buɗe wa ɓarawo ƙofa, sannan ya dawo yana ihu.

Kada kuma a ce mana babu kuɗi. A watan Disambar 2023 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince a riƙa bai wa Asusun Gina Zaman Lafiya dala miliyan 50 a shekara daga gudummawar dole ta ƙasashe, daga 2025. Aka yi ta tafi. Cibiyar binciken zaman lafiya ta SIPRI da ke Suwidin ta ce a 2024 duniya ta kashe dala biliyan 2,718 a kan soja da makamai. Na zauna na raba da kaina: miliyan 50 ɗin nan kuɗin kusan minti 10 ne. A cikin minti goman nan ake yi wa akawu ƙyashin albashi.

Da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙetare a watan Janairun 2025, takardun tsayar da aiki suka sauka a ofisoshi cikin kwanaki. Masu jawabi a manyan taruka ba su ne suka fuskanci direban da ke bin kuɗin mai ba, ba su ne suka kalli idon mai ɗakin taro ba. Akawun nan ne, da fayil a hammata, yana ba da haƙuri a kan shawarar da ba shi ya yanke ba, ga mutanen da suka san gidansa.

Ko ƙarin kaso kaɗai zai gyara komai? Ina shakka. Bankuna ma suna ɗari-ɗari da tura kuɗi yankunan rikici don tsoron dokokin hana ɗaukar nauyin ta'addanci, kuma akawu ba shi da iko a kan wannan. Amma abin da ke hannun masu ba da tallafi ba ya buƙatar wani taro: su biya cikakken kuɗin gudanarwa, su tilasta a miƙa kason ga ƙungiyar gida, su daina yanka aikin shekaru zuwa wata shida-shida.

Tallar nan za ta samu mai nema, don mutane na cikin matsi. Zai shafe wata uku kafin ya gane wane dattijo ne ba a kira ta waya sai an je takanas, wace hanya ce ba a bi da kuɗi ranar kasuwa. A wata na biyar zai fara neman wani aikin, kuma ba wanda zai zarge shi. Sabo zai zo ya tarar da fayil, ya tarar da wakilan nan na daji a bakin ƙofa, suna tambayar kuɗin motarsu.