Rafali a Ƙwallon Kwandon Yara: Ina Ya Kamata Ya Tsaya?

Assalamu alaikum. Ku dubi wannan filin. Bayan la'asar ne a Sakkwato, rana ta ɗan yi sanyi amma simintin ƙasa yana nan da zafinsa. Yara goma a ciki, 'yan shekara 12 zuwa 14. Wanda ke riƙe da usur yayan ɗaya daga cikin yaran ne, ya zo kallo aka ce, "Yaya, taimaka ka busa mana." Ya karɓa saboda Allah, ko ruwan leda ba a saya masa ba.

Yanzu ku bar kallon ƙwallo, ku kalli ƙafafunsa. Yana tsaye a layin tsakiya, ƙwallo ta yi dama ya juya kai, ta yi hagu ya juya kai. A ƙarƙashin kwando kuwa wani dogon yaro ya sa wa ƙarami gwiwar hannu a haƙarƙari har sau biyu. Rafali bai gani ba. 'Yan kallo suka hau shi da ihu, wai yana son kai. Ni dai ban ga son kai a nan ba. Mutumin yana tsaye ne a inda ba zai taɓa iya gani ba, kuma babu wanda ya taɓa nuna masa inda ya kamata ya tsaya.

Fili irin na hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, tsawonsa mita 28 ne, faɗinsa mita 15. Mutum ɗaya ba ya iya tsare shi. A manyan wasanni alƙalai uku ake sawa, a na yara kuwa biyu sun wadatar idan sun san aikinsu. Ɗaya na gaba, ɗaya na baya.

Na gaba shi ke riga 'yan wasa isa, ya tsaya a wajen layin ƙarshe, bayan kwando. Nasa ne duk abin da ke faruwa a ƙarƙashin raga: ture, riƙe riga, da yaron da ya share wuri ya zauna a cikin akwati, wato wurin da aka shata a gaban kwando, fiye da daƙiƙa 3. Na baya yana bin wasa daga baya, kusa da layin gefe, yana lura da mai tafiya da ƙwallo, da ƙafar mai jifa ko ta taka layin maki uku, wanda ke mita 6.75 daga kwando. Su biyun suna sa yara goma a tsakaninsu, ɗaya a wannan kusurwa, ɗaya a waccan. Da ƙwallo ta koma hannun ɗaya ƙungiyar, na baya ya ruga ya zama na gaba, na gaba ya zama na baya.

Ga inda sabon rafali ya fi shan wahala. Ido yana son ƙwallo, haka Allah ya yi shi. Amma idan alƙalai biyu duk suna kallonta, yara takwas sun zama marasa mai tsaro. Idan ƙwallo tana yankin abokin aikinka, ka bar masa ita, ka kalli sauran. Idan tana naka yankin, ka nemi ratar da ke tsakanin mai ƙwallo da mai tare shi. In bayan yaro kake gani, ba ka ga komai ba. Matsa taki biyu gefe har sai ka hango haske tsakanin jikinsu. Kuma mai tarewa za ka sa wa ido. Ya fuskanci abokin karawarsa? Ƙafafunsa biyu suna ƙasa kafin a iso shi? In haka ne kuma aka banke shi a ƙirji, laifin mai ƙwallo ne. In kuwa shi ya faɗa gaban mutum a makare, laifin nasa ne. Wanda ke bin ƙwallo da ido karon kawai zai gani, sai ya yi canke, kuma galibi wanda ya faɗi ake ba gaskiya.

Sai busa. Usur sau ɗaya, da ƙarfi, a taƙaice, hannu ya tashi sama tare da shi. Tafin hannu a buɗe na nufin an karya dokar wasa, kamar tafiya da ƙwallo ba tare da buga ta ƙasa ba. Dunƙulallen hannu na nufin an yi wa wani laifi a jiki. Daga nan ka je inda mai rubutu a tebur zai gan ka sosai, ka tsaya cak, ka nuna lambar ɗan wasa, da irin laifin, da hukuncin: jifa nawa, ko ƙwallon wace ƙungiya ce. A dokar FIBA laifi 5 ke fitar da ɗan wasa, to in tebur bai ji lamba daidai ba, yaron da bai ji ba bai gani ba shi zai koma benci.

Wani abu kuma da ya shafi yara kaɗai. Idan ka busa, yaro ya buɗe hannu ya ce, "Malam, mi na yi?" da gaske yake tambaya. Faɗa masa a kalma biyar ko shida: "Ka ɗaga ƙafar da ka kafa." Yaran da ke kallon D'Tigress, 'yan ƙwallon kwandon mata na Najeriya, waɗanda suka ci kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, a bakin rafalin unguwa suke fara jin doka.

Malaman wasanni da masu horar da yara, roƙona gare ku: kafin ku miƙa wa mutum usur, ku ba shi minti 10. Ku kama hannunsa ku kai shi layin ƙarshe, ku ce nan ne wurinka. Ku samo masa na biyu, ko da babban ɗalibi ne. Ku kuma tara iyaye da 'yan kallo kafin a jefa ƙwallo, ku shaida musu cewa waɗannan biyun taimako suka zo yi, duk mai ƙorafi ya same ku bayan an tashi.