Wurin ninkaya a cikin gida a Akara, sai takarda ta fito

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ina Adenta, can gefen Akara, babban birnin Gana, gidan wani dattijonmu da ya taso daga unguwar Nima da ke cikin Akara ya yi gini a nan. Kun ga igiyar nan da aka ja a bayan gida? Nan yake so a haƙa wurin ninkaya saboda jikoki. Na ce, "Baba Alhaji, yaushe za a sa diga?" Ya ce, "Ɗana, sai takarda ta fito."

Na san wani zai ce, cikin katangata ne, ina ruwan hukuma? To a Gana da ruwanta. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016, mai lamba 936, ta hana yin gini sai da rubutaccen izinin majalisar yankinka, rami mai kankare da rodi kuwa gini ne. Za ka kai shaidar mallakar fili, taswirarsa, zanen aikin da lissafin injiniya, su zo su gani da ido, ka biya kuɗi. In yanzu kake shirin gina gidan, sa shi cikin zane tun farko ka huta. Wanda ya yi gaban kansa kuwa, ai kuna ganin bangaye a garin nan da jan fenti: a dakatar da aiki, a kawo izini.

Ni abin da ya fi damuna ruwan ne. Tsawo mita 8, faɗi 4, zurfi ɗaya da rabi, lita 48,000 ke nan, a unguwar da ta sha fama da rashin ruwan famfo. Ko dai tanka, ko rijiyar burtsatse. Ranar da za a kwashe shi kuma fa, ina zai bi? Gidan maƙwabci? Garin da ya ga ambaliya da gobarar 3 ga Yuni 2015, aka rasa mutum sama da 150, bai kamata a yi wasa da magudanar ruwa a cikinsa ba. Ku tsare injiniya ya nuna hanyar ruwan a takarda.

Hajiya dai ta kafa nata sharaɗin: shinge da ƙofa mai kwaɗo kafin ɗigon ruwa ya shiga, don ƙaramin jikan bai daɗe da fara tafiya ba. Ku zo in nuna muku inda za a kafa injin tace ruwan.