Oromiya daga kan tsaunukan Bale

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, yau a kan tudun Sanetti nake, cikin tsaunukan Bale na ƙasar Habasha, kusan mita 4,000 sama da teku. Waccan ƙololuwar da ke bayana ita ce Tullu Dimtu, tsayinta mita 4,377. Rigunan sanyi na jibga, amma yatsuna sun ƙi lanƙwasuwa.

Nan jihar Oromiya ce, wadda ta fi kowace jiha a Habasha faɗin ƙasa da yawan jama'a. In kun duba taswira za ku ga siffarta ba ta da kan gado. Ta miƙa yamma har ta taɓa Sudan ta Kudu, ta sauka kudu zuwa Moyale a iyakar Kenya, sannan ta zura hannu gabas ta rungume birnin Harar. Addis Ababa kanta, wadda Oromawa ke kira Finfinne, a tsakiyar cikinta take, ta kewaye ta ta kowane ɓangare.

A ganina, wanda yake son gane wannan jiha ya bar auna nisa, ya koma auna tudu. Tudu ne ke raba zafi da sanyi a nan, shi ke cewa ga inda za a yi noma, ga inda sai kiwo. Daga inda nake tsaye, in mota ta gangara kudu, sai ka faɗa dajin Harenna, inda gahawa ke fitowa da kanta ba wanda ya shuka. Ka ci gaba da gangara, ka iske ƙasar Borana, fili fetal, ƙayoyi da shanu da rijiyoyi masu zurfi. Duk jiha ɗaya fa!

Akwai kuma wani babban kwari da ake kira Rift Valley, wanda ya tsaga ta gida biyu, inda tafkunan Ziway da Langano da Abijatta da Shalla suka jeru. Shalla ramin tsohon dutse mai aman wuta ne, zurfinsa ya haura mita 250.

Sai maganar ruwa, wadda ta fi ɗaukar hankalina. Ruwan da ke sauka a duwatsun wannan jiha ba ya zama a gida. Kogunan Wabe Shabelle da Genale suna tafiya Somaliya, manoman can da su suka dogara. Didessa a yamma yana zuba cikin Abay, wato kogin Blue Nile, ruwansa ya bi Nilu har Masar. Gibe ya zama Omo ya ƙare a tafkin Turkana. Awash kuwa, wanda aka datse a Koka, bai taɓa ganin teku ba, a tafkin Abbe yake ƙarewa, can iyakar Jibuti.

Direba yana yi mini alama, wai ga kyarkecin Habasha can yana farautar ɓeraye. Bari in juya muku kyamara kafin ya ɓace.