Darasi: Gyaran Kuskuren Bafa a Sabar Fayil

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Masu kallonmu na nan Bauchi da Gombe da sauran wurare, barkanku da wannan lokaci. Yau za mu gyara wata ƙaramar sabar fayil da aka rubuta da harshen C domin koyarwa, irin wadda ke ba kwamfutocin ofis damar buɗe fayilolin da ke ajiye a kan na'ura guda. Tana aiki da ƙa'idar SMB ta raba fayiloli a tasha ta 445, wato lambar ƙofar da saƙonni ke shigo mata ta hanyar sadarwa, ƙa'idar da Windows da manhajar raba fayiloli ta Samba suke magana da ita.

Ku dubi allo. Mai rubutun ya ware bafa, wato ma'ajiyar wucin gadi a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, mai ɗaukar bayit 4096, bayit kuwa shi ne ma'aunin girman bayanai. Kowane saƙon SMB yana zuwa ne da bayit 4 a gaba: na farko sifili ne, sauran ukun kuma suna faɗin tsawon saƙon da ke biye. To, a wannan layin an karanta tsawon, aka miƙa shi kai tsaye ga recv, umarnin da ke karɓo bayanai daga hanyar sadarwa ya zuba a bafa, ba tare da an gwada shi da girman bafa ba. Bayit 3 suna iya ɗaukar lamba har 16,777,215, saboda haka duk wanda ya iya kaiwa ga tashar zai iya aiko da abin da ya fi ƙarfin ma'ajiyar nesa ba kusa ba, rarar kuma ta malale kan bayanan da ke maƙwabtaka da ita. Mai awon hatsi a kasuwar Muda Lawal ba ya karɓar maganar mai buhu cewa mudu goma ne a ciki, sai ya auna da kansa, kuma haka ya kamata saba ta ɗauki duk wata lamba da ta shigo mata daga waje. Gyaran layi biyu ne: idan tsawon ya wuce girman bafa, a rufe haɗin.

Kuskure na biyu ya fi ɓuya. TCP, wato ƙa'idar da ke jigilar bayanai tsakanin kwamfutoci, ba ya yin alkawarin kawo saƙo a dunƙule, don haka idan kuka nemi bayit 1000, recv zai iya dawo muku da 300 kawai. A kan kwamfuta ɗaya da wuya ku ga wannan, amma da zarar an kai sabar ofishin da Wi-Fi ɗinsa ke rawa, sai fayiloli su fara lalacewa jefi-jefi, a yi ta zargin rumbun ajiya alhali ba shi da laifi. Abin da ke faruwa shi ne manhajar tana haɗa sabon guntun da ragowar tsohon saƙon da ya kwana a cikin bafa. Maganinsa a sa recv cikin zagaye, ana tara abin da ya iso har ya kai tsawon saƙon. Idan recv ya dawo da sifili an san ɗaya ɓangaren ya katse, idan kuma ya dawo da -1 tare da EINTR, alamar cewa wata sigina ce ta katse kiran, sai a sake kira.

Na ukun ina so ku ba shi hankalinku sosai, domin mai rubutun ya yi bincike a nan, sai dai binciken ne ba ya tsare komai. Saƙon rubutu na SMB2, wato SMB siga ta biyu, yana ɗauke da mafarin bayanan, wato wurin da suka fara a cikin saƙon, da kuma tsawonsu, shi tsawon kuma lamba ce mai bit 32, wato bayit 4. An rubuta cewa idan mafari da tsawo a haɗe sun wuce abin da aka karɓa, a ƙi saƙon. Mu gwada da mafari 112 da tsawo 4,294,967,280. Jimlarsu ta haura 4,294,967,295, iyakar abin da bit 32 ke riƙewa, sai lambar ta zagayo ta koma 96, binciken ya ce lafiya lau, memcpy kuma, mai kwafar bayanai daga wuri zuwa wuri a ƙwaƙwalwa, ta kama hanyar kwafe kusan gigabayit 4. A madadin tarawa sai mu yi ɗebewa: mu fara tabbatar da cewa mafarin bai wuce abin da aka karɓa ba, sannan mu duba ko tsawon ya fi abin da ya rage bayan an cire mafarin.

Kada wani ya ɗauka wannan matsalar 'yan koyo ce kawai. Kuskuren tsaron nan Heartbleed na 2014 a manhajar ɓoye bayanai ta OpenSSL yarda da tsawon da baƙo ya faɗa ne ya haifar da shi, muguwar manhajar WannaCry kuma a watan Mayun 2017 ta bi ta kuskuren SMB siga ta ɗaya ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama.

Yanzu mu gwada. Na harhaɗa tsohon rubutun da gcc, mai mayar da rubutun C manhaja, tare da zaɓin -g da -fsanitize=address, na aika masa saƙon nan mai tsawon ƙarya daga wani ɗan rubutun Python, kuma ga shi AddressSanitizer, mai gano kurakuran ƙwaƙwalwa da zaɓi na biyun ya kunna, ya tsayar da shi, ya nuna layin memcpy. Ga wanda muka gyara: ya ƙi saƙon, ya rufe haɗin, ya ci gaba da sauraron sauran kwamfutoci. Ku ajiye wannan saƙon cikin gwaje-gwajenku, ku ƙara da wanda ake aikowa bayit ɗaya-ɗaya domin jarraba zagayen recv.